Karrama Ƙungiyoyin Lissafi na Sakandare Saboda Hidimar Al'umma

A ƙarshen kowace shekarar karatu, makarantun sakandare kan ware rana guda domin jawabai da rabon kyaututtuka. A wannan rana ce ake kiran ɗalibin da ya fi kowa maki a darasin lissafi, ya fito gaban iyaye da manyan baƙi, a miƙa masa littafi ko agogon bango, a tafa masa. Idan kuwa makarantar ta yi sa'ar ciwo kofi a wata gasa, to, ranar takan zama ta yara biyu ko uku da suka wakilce ta, tare da malamin da ya horar da su. Babu abin zargi a cikin wannan, domin yabon gwani ya zama dole. Sai dai akwai wasu ɗaliban da ba kasafai ake jin sunayensu a irin wannan taro ba. Su ne 'yan ƙungiyar lissafin da suka shafe zango uku suna zama da ƙannensu na aji ɗaya bayan an tashi, suna maimaita masu rabawa mai saura har ta zauna, ko waɗanda suka ɗauki igiyar awo suka bi wani dattijo gonarsa domin ya san ainihin faɗinta kafin ya sayi taki. Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi shi ne, irin wannan aiki ya cancanci karramawa ta musamman, a bainar jama'a, daidai da wadda ake yi wa masu cin gasa, muddin an tsara ta yadda ba za ta ɓata aikin da ake son ta raya ba.

Dalilin farko yana ga matsayin da lissafi ke da shi a tsarin ilmin Nijeriya. Kiredit a lissafi da Ingilishi, a jarrabawar WAEC ko NECO, sharaɗi ne na shiga mafi yawan fannoni a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilmi. Wato dai lissafi ƙofa ce, wanda aka rufe wa ita kuwa yakan tsaya a waje ko da yana da hazaƙa a wasu darussan. Abin da malamai suka sani, amma ba a cika faɗa ba, shi ne yawancin waɗanda ke faɗuwa a aji shida na sakandare ba a nan suka fara faɗuwa ba. Zaren ya tsinke masu tun a firamare, galibi a daidai lokacin da aka shiga rabi da sulusi da rubu'i, ko aka fara ɗebewa da aro. Yaro ya wuce aji na gaba da wannan gurbi, ya ji kunyar tambaya, shekara ta zagayo aka ɗora masa aljabara a kan tushen da bai ƙanƙama ba. Malami ɗaya, a aji mai cunkoso, da minti 40 na darasi, ba zai iya komawa baya da kowane yaro ba, komai kyan niyyarsa. Wanda ke da lokaci da kusanci da harshen da irin wannan yaro zai saki jiki da shi, sau da yawa, ɗan'uwansa ɗalibi ne da ya girme shi da shekara biyu ko uku.

Dalili na biyu shi ne, kyauta magana ce. Duk abin da makaranta ta zaɓa ta karrama, ta shaida wa yara ke nan cewa shi ne abin nema. Nijeriya ba ta rasa gasannin lissafi ba. Akwai gasar da ke ɗauke da sunan madarar Cowbell, wadda aka fara a 1998, ta koma shirin talabijin mai suna Cowbellpedia a 2015. Ƙungiyar Masana Lissafi ta Nijeriya, wato MAN, tana shirya nata gasannin, haka kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja tana zaƙulo hazikan yara domin gasannin ƙasa da ƙasa. Waɗannan duka sun yi amfani ƙwarai wajen fito da yaran da da ba a san da su ba. Amma ɗabi'ar gasa ita ce tacewa. Babbar gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a ƙasar Romaniya a 1959, ba ta karɓar fiye da ɗalibai 6 daga kowace ƙasa. Idan kuwa cin gasa shi kaɗai ne hanyar da ƙungiyar lissafi za ta bi ta sami suna, to, dole ta rikiɗe ta zama sansanin horar da 'yan ƙalilan. Uban ƙungiya zai tattara hankalinsa kan yara biyar, sauran membobi su zama 'yan rakiya, waɗanda ba membobi ba kuwa su ƙara tabbatar wa kansu cewa lissafi gado ne na wasu zaɓaɓɓu. Ba malamin ne mai laifi ba. Kiɗan da aka yi masa shi ya taka.

Akwai ƙasar da ta daɗe da lura da wannan giɓi, kuma yana da kyau ɗalibin malanta ya san yadda ta ɓullo masa. A Amurka akwai wata ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya mai suna Mu Alpha Theta, wadda ta haɗa ƙungiyoyin lissafi na makarantun sakandare da ƙananan kwalejoji. Richard Andree, malamin lissafi a Jami'ar Oklahoma, da matarsa Josephine ne suka kafa ta a 1957. Sunan nata haruffa uku ne na Girkanci, waɗanda idan aka haɗa sautinsu sukan ba da kalmar da ake taƙaita lissafi da ita a Ingilishin Amurka. Ƙungiyar ta bunƙasa har ta kai ga samun rassa a makarantu fiye da 2,000, tana kuma shirya babban taro da gasanni kowace shekara. To amma ba ta tsaya ga masu cin gasa ba. Tana da lambar yabo ga malamin da ke kula da reshe, tana da wata mai ɗauke da sunan Andree domin ɗaliban da ke da niyyar zama malaman lissafi, sa'an nan tana da lambar Diane Rubin, wadda ake bai wa reshe sukutum saboda hidimar da ya yi wa al'umma.

Sharuɗɗan wannan lamba ta ƙarshe su ne abin dubawa, domin an tsara su da hikima. Ana son hidimar ta kasance ta lissafi, ta ɗore aƙalla shekara biyu, ta kuma amfani wasu mutane dabam waɗanda ba 'yan reshen ba. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan yana toshe wata kafa ce. Da ba a ce sai ta lissafi ba, da ƙungiya ta share kasuwa rana ɗaya ta nemi lada, alhali shara aiki ne mai kyau da kowace ƙungiya a makaranta za ta iya yi, ba sai mai ilmin lissafi ba. Sharaɗin ɗorewa kuwa ya fitar da masu fafe gora ranar tafiya, waɗanda ba sa tuna al'umma sai an kusa rufe karɓar takardun neman lambar. Na ukun shi ya fi muhimmanci, domin ya raba hidima da shirin jarrabawa. Membobi su taru su koya wa junansu, wannan taimakon kai ne, kuma sakamakonsu na jarrabawa ya ishe su lada.

Har ila yau a Amurka, Robert Moses, wanda ya yi suna a gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata a shekarun 1960, ya kafa wani shiri na koyar da aljabara a 1982, bisa hujjar cewa yaron talaka da aka hana wa lissafi an hana shi shiga tattalin arzikin zamani, kamar yadda aka taɓa hana iyayensa jefa ƙuri'a. Daga cikin wannan shiri ne wasu matasa suka kafa nasu a birnin Jackson na jihar Misisipi a 1996, inda ake horar da 'yan sakandare da 'yan kwaleji su koyar da ƙananan yara lissafi ta hanyar wasanni bayan tashi daga makaranta. Abin lura a nan shi ne an ɗauki matasan a matsayin ma'aikata masu daraja, ana horar da su kafin a tura su.

Kada a ɗauka cewa wannan tunani baƙo ne da sai an yi masa masauki a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san cewa malam ba shi kaɗai ke biya wa kowa karatu ba. Gardi yana biya wa na ƙasa da shi, shi ma yana ƙara ƙarfafa haddarsa ta wannan hanya, kuma ana ganin girmansa saboda haka. Aikin gayya ma tsohuwar al'ada ce, inda samari ke taruwa su nome gonar wanda ƙarfinsa ya gaza, a ƙarshe a san wanda ya yi fice, makaɗa su wasa shi. Hukumar yi wa ƙasa hidima, wadda aka kafa a 1973, ta sanya aikin raya al'umma cikin shekarar hidima, kuma akan karrama waɗanda suka yi zarra a matakin jiha da na ƙasa. Shi kansa ilmin aljabara da hidima ya fara. Littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, ya bayyana tun a gabatarwa cewa an yi shi ne domin buƙatun mutane na rabon gado da wasiyya da ciniki da awon filaye da haƙa magudanan ruwa, kuma babban kaso na littafin matsalolin gado ne. Saboda haka idan ƙungiyar lissafi ta fita daga aji ta nufi gona ko kasuwa, gida ta koma.

To, wace irin hidima ce ƙungiyar lissafi ta makarantar sakandare za ta iya yi da ɗan abin da ke hannunta? Mafi sauƙi kuma mafi amfani ita ce koyar da na ƙasa. Membobi goma sha biyu, kowane da yara uku daga aji ɗaya ko daga makarantar firamare ta kusa, sau biyu a mako, da ƙwallayen dabino ko marafan kwalabe a matsayin kayan aiki, sun isa su sauya makomar yara 36 a shekara guda. Yaron da ke rawar jiki idan malam ya ɗaga alli yakan iya ce wa yayansa ɗalibi bai gane ba, har sau uku, ba tare da tsoro ba. Ga 'yan mata kuwa, abin ya fi haka. Yarinyar da ta ga wata 'yar aji biyar tana warware lissafi a kan allo ba tare da inda-inda ba, ta sami amsar wata tambaya da ba ta taɓa furtawa ba, wato ko wannan darasi na mata ne.

Bayan koyarwa sai awo. Manoma da yawa sun san gonarsu da ido da kuma yawan damman da take bayarwa, amma malamin gona da hekta yake magana. Alal misali, gonar da tsawonta ya kai mita 80, faɗinta mita 50, tana da murabba'in mita 4,000, wato kashi 4 cikin 10 na hekta. Idan aka ce ana zuba buhu 5 a kowace hekta, buhu 2 ne rabon wannan gona. Manomin da bai san haka ba, ko dai ya sayi fiye da buƙata ya yi asarar kuɗi, ko ya zuba ƙasa da ƙima ya yi asarar amfani. Gonar da ba ta da kusurwa huɗu kuwa sai a yanka ta gida-gida zuwa alwatika, a auna kowace, a tara. Wannan darasi ne da ke cikin manhajar ƙaramar sakandare, wanda yara kan haddace ƙa'idarsa su manta bayan jarrabawa. Yaron da ya auna gonar kawunsa da ƙafarsa da igiya ba zai manta ba. Haka nan igiyar da aka ƙulla gida 12, aka ja ta ta ba da gefe 3 da 4 da 5, tana fitar da kusurwa madaidaiciya domin harsashin ɗaki ko layin filin ƙwallo, kuma ita ce ƙa'idar Faisagoras da ke cikin littafi.

Akwai kuma ƙidaya, wadda ƙarfinta ya fi yadda ake zato. Unguwar da ke fama da ƙarancin ruwa takan aika wa ƙaramar hukuma koke cewa ana shan wahala, koken kuma ya shiga cikin ɗaruruwan irinsa. Amma a ce 'yan ƙungiyar lissafi sun zagaya, da izinin mai unguwa, sun gano cewa gidaje 200 ne ke dogaro da rijiyar burtsatse ɗaya, kowane gida yana buƙatar jarka 6 mai cin lita 25, sun fitar da cewa lita 30,000 ake nema a kullum, sun kuma auna abin da famfon ke iya bayarwa a awa guda. Takardar da ke ɗauke da irin waɗannan alƙaluma tana da nauyin da kuka kaɗai ba shi da shi. Mai sayar da ƙosai da ke lissafa kuɗin wake da mai amma ta manta da itace da niƙa da leda, har ta yi wata tana ciniki uwar kuɗi na zagwanyewa, ita ma tana da buƙatar wanda zai zauna da ita ya zana mata jadawali mai layi biyu. Uwar adashe da ke riƙe da zubin mata ashirin a ka, littafi ɗaya mai tsari zai raba ta da rigimar da kan raba zumunci.

Wani zai ce duk wannan lokaci ne da ya kamata ɗalibi ya ba littafinsa, tunda jarrabawa ba ta tambayar gonaki nawa ya auna. Wannan ƙorafi yana da sauƙin amsawa, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san cewa ba a gane abu sosai sai an zo koyar da shi. Ɗalibin da ya iya juya kaso ya ninka idan ana rabawa, ya iya ne kawai. Ranar da ƙaramin yaro ya tambaye shi dalilin juyawar, ranar ce zai fara neman fahimta. Awa biyu ko uku a mako ba za su kayar da mai ƙoƙari ba, muddin uban ƙungiya ya sassauta wa 'yan ajin ƙarshe idan jarrabawa ta gabato.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Masu shi suna cewa aikin alheri da aka rataya wa kyauta ya daina zama alheri, ya zama neman suna. Suna da hujja. Da zarar an ce akwai kofi, za a sami makarantar da za ta kwashi yara zuwa gidan marayu da alli da ɗan allo, a ɗauki hotuna, a dawo, ba wanda ya koyi komai. Jihar Maryland ta Amurka ta wajabta wa kowane ɗalibi awa 75 na hidimar al'umma kafin ya kammala sakandare, bisa dokar da ta zartar a 1992, kuma tun daga lokacin ake muhawara a can kan ko hidimar dole hidima ce, da kuma ko ƙirga awoyi yana auna wani abu ban da zaman da aka yi. Gaskiyar magana ita ce duk ma'aunin da aka ɗora wa lada, mutane za su koyi cika shi ba tare da cika manufarsa ba. Amma maganin wannan gyara ma'auni ne. Barin karramawa gaba ɗaya ba zai tsarkake niyyar kowa ba, illa dai ya bar fagen ga gasa ita kaɗai. Yara 'yan shekara 15 suna kan koyon abin da manya ke daraja ne, kuma daga abin da aka yaba a gabansu suke koya. Hausawa da suka ce yaba kyauta tukwici ba su ɗauki godiya a matsayin mai ɓata kyauta ba.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi shafar ɗalibin malanta kai tsaye. Idan yara suka riƙa koyar da yara, ashe ba a ba hukuma uzurin ƙin ɗaukar malamai ba ke nan? Tarihi ya nuna cewa wannan tsoro ba na banza ba ne. A ƙarshen ƙarni na 18, Andrew Bell a Madras ta Indiya da Joseph Lancaster, wanda ya buɗe makarantarsa a Landan a 1798, sun yaɗa tsarin da malami ɗaya ke koya wa manyan ɗalibai, su kuma su koya wa ɗaruruwan yara. Tsarin ya bazu saboda arha, ya kuma dushe a tsakiyar ƙarni na 19 saboda ya koma hadda da maimaici, tunda yaro ba ya iya ba da abin da bai mallaka ba. Darasin a fili yake. Ƙungiyar lissafi ƙari ce a kan aikin malami, kuma duk ranar da aka tura ɗan aji biyar ya riƙe ajin da ba shi da malami har tsawon zango, an fita daga hidima an shiga zalunci, ga shi da kuma ga yaran. Bai kamata a karrama irin wannan ba, ko da sakamakon ya yi kyau.

Daga nan sai batun iyaka. Akwai lissafin da kuskure a cikinsa ke jawo husuma, babban misali kuwa shi ne gado. Ɗan sakandare zai iya lissafa cewa idan mutum ya rasu ya bar Naira 240,000, magadansa kuma mata ɗaya da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya ne kawai, matar tana da sumuni, wato 30,000, ɗan ya sami 140,000, 'yar ta sami 70,000. Wannan rabawa ce da ninkawa. Amma sanin wane ne magaji, wa ke shamakance wa, da abin da za a fitar na bashi da wasiyya kafin rabo, aikin malamai ne da alƙalai. Haka awon gonar da ake jayayya a kan iyakarta, ba hurumin yara ba ne. Uban ƙungiya mai hankali zai shata wa yaransa wannan layi tun farko, masu ba da lambar yabo kuma su ɗauki sanin iyaka a matsayin abin yabo.

Idan an yarda da karramawar, saura yadda za a tantance wanda ya cancanta. Rahoton da ƙungiya ta rubuta game da kanta shi ne mafi raunin shaida, hotuna kuma sun fi shi rauni. Abin da ya fi dacewa shi ne a tambayi waɗanda aka yi wa hidimar. Shugaban makarantar firamare zai iya faɗin ko yaran sun riƙa zuwa kowane mako ko kuwa sau biyu aka gan su. Gajeriyar jarrabawa a farkon zango da irinta a ƙarshensa za su nuna ko yaran da aka koyar sun matsa. Littafin halarta mai kwanan wata da sa hannun wanda ya amfana ya fi dogon jawabi. Kuma tunda ƙungiyar ta lissafi ce, ba laifi a nemi ta kawo alƙaluman aikinta da kanta, har da inda ta gaza, domin ƙungiyar da ta rubuta cewa yara 30 ta fara da su, 11 suka daina zuwa lokacin girbi, ta nuna gaskiya da fahimtar da suka fi na wadda ta ce komai ya tafi daidai. Wajibi ne kuma a auna aiki da abin da ke hannun mai yin sa. Makarantar kuɗi da ke da mota da kwamfutoci za ta iya shirya gagarumin biki na kwana ɗaya, makarantar ƙauye kuwa ba ta da komai sai alli da ƙafa. Idan ba a yi hattara ba, sabuwar lambar za ta bi tsohuwar hanya, ta faɗa hannun waɗanda suka saba karɓa.

Ita kanta karramawar ba ta buƙatar dukiya mai yawa, kuma gwamma a ba ƙungiya a dunƙule da a fifita mutum ɗaya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar yabo mai sa hannun sakataren ilmi na ƙaramar hukuma ko hakimi, da ambaton sunan kowane memba a gaban iyayensa, da rubuta hidimar a takardar shaidar halin ɗalibi, suna da tasiri a zuciyar matashi. Idan akwai kuɗi, ya fi kyau su koma cikin aikin, a sayi tef na awo da littattafai da akwatunan kayan lissafi. Ana iya haɗa bikin da ranar rabon kyaututtuka, ko a yi shi ranar 14 ga Maris, wadda hukumar UNESCO ta ayyana a 2019 a matsayin ranar lissafi ta duniya. Zai ƙara armashi a ce wanda ya amfana ne zai miƙa lambar, wato manomin da aka auna wa gona ko uwar yaron da ya iya rabawa, maimakon babban baƙon da bai san abin da aka yi ba.

Ɗalibin da ke kwalejin ilmi a yau, ko da Hausa yake karanta ba lissafi ba, yana da hannu a wannan al'amari fiye da yadda yake tsammani. Sabon malami shi aka fi ɗora wa kula da ƙungiyoyi, shi ake sa wa rubuta jerin kyaututtukan ƙarshen shekara, kuma a ƙaramar makaranta ba a tambayar fannin mutum kafin a ba shi aiki. Bugu da ƙari, hidimar lissafi a ƙasar Hausa da Hausa ake yin ta. Yaron da ya koyi darasi da Ingilishi, idan ya tsaya gaban manomi ko ɗan aji uku na firamare, dole ya nemo sulusi da sudusi da ushiri, ya san bambancin mudu da tiya, ya iya bayyana kashi cikin ɗari ba tare da ya sarƙe ba. Malamin Hausa ne zai taimaka masa da kalmomin, ya gyara masa wasiƙar neman izini zuwa ga mai unguwa, ya duba rahoton da za a karanta a gaban iyaye. Matakin farko kuwa bai wuce a je ofishin shugaban makaranta tun farkon zango na ɗaya ba, a nemi a ƙara layi ɗaya a jerin kyaututtukan bana, a kuma sanar da ɗalibai sharuɗɗansa tun kafin su fara aikin.